Rakiyar Barsu zuwa Damagaram

Tun da muka koma makaranta bayan hutun Babbar Sallah ba a bar ni na huta ba. Wani ya kawo labari daga Daura cewa na tsallaka iyaka na kai kare asibiti. Daga nan duk wanda ya gamu da ni, a bakin famfo ko a ƙofar aji, sai ya tsaya ya ce, "Sagiru, wai da gaske ne?" Ni kuwa ba gwanin ba da labari da baki ba ne. In mutum uku suka zuba mini ido sai in manta inda na tsaya. Shi ya sa na zauna na rubuta shi, wanda ya tambaya in miƙa masa, ya karanta ya dawo mini da takardata.

Karen ba nawa ba ne. Na Kawu Haladu ne, wan mahaifiyata, wanda ke zaune shi kaɗai a gonarsa a bayan garin Babban Mutum tun rasuwar matarsa, daga shi sai tumaki da 'yan awaki. Sunan karen Barsu. Ja ne, mai dogayen ƙafafu, ba shi da wani kyau. Kunnen Kawu ya daɗe da yin nauyi. Farkon magana yake kamawa, ƙarshenta ya wuce shi. To Barsu ne kunnensa. In mutum ya doso gonar, ko tunkiya ta maƙale a shinge, ko dila ya zagayo, karen ba haushi kawai yake yi ba. Zuwa yake ya bugi ƙafar Kawu da kai, shi kuma ya dubi inda kunnuwan karen suka nufa. Ba wanda ya koya masa. Zaman shekaru ne ya kawo haka.

Babban ɗan Kawu, Yaya Lawal, mai shagon hatsi a Daura, ya daɗe yana so a sayar da dabbobin tsohon ya dawo cikin gari. Ya gyara masa ɗaki har da fanka. Da gardama ta yi tsawo sai suka tsaya a kan magana ɗaya a gaban mahaifiyata: ranar da Barsu ya mutu, Kawu zai tattara ya dawo. Kawu ya yarda, domin a lokacin karen yana iya kamo zomo a guje.

Ciwon ya zo ne da sallah. A wajenmu kun san yadda ake yi, a soya naman layya a tara kakide a kwano. Gidajen da ke kusa da gonar duk sun san Barsu, kowace mace ta jefa masa guntun kitse, Kawu kuma ya ƙara masa da sauran kakiden da aka aiko masa. Kashegari karen ya fara amai. Ya ƙi abinci, ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, sai ya durƙusar da ƙafafun gaba ya bar bayansa a sama, kamar raƙumin da aka ce ya durƙusa ya tsaya a rabi. Malamin dabbobin da ke zuwa ran kasuwa ya duba shi, ya yi masa allura, ya faɗi gaskiya. Ya ce shi shanu da tumaki ya sani, a kai shi Kano ko Damagaram. Kawu ba shi da kowa a Kano. A Damagaram kuwa yana da maigida, wato mai masaukinsa, tun zamanin da yake fataucin raguna.

Mahaifiyata ce ta ce in bi shi. "Kai ne mai karatu," in ji ta. Ba ta yi la'akari da cewa ta haɗa wanda ba ya ji da wanda ba a jin muryarsa ba.

Motocin haya duk sun ƙi mu. Wani direba ya ce ko shi ya yarda fasinja ba za su yarda ba. Daga ƙarshe muka sami babbar motar da ta kawo raguna kafin sallah za ta koma fanko. Muka sa Barsu a babban kwando, muka shimfiɗa masa buhu, muka hau baya tare da wasu mutane da ba su sami wuri a gaba ba.

Ba mu yi nisa ba wani mai sayar da turare, da akwatin gilashinsa a cinya, ya janye ƙafa ya ce, "Baba, ka san hukuncin wannan abin da ka ɗauko kuwa?"

Kawu ya ce, "Barsu."

"Ba sunansa na tambaya ba. Na ce najasa ce."

Wani dattijo mai buhun barkono ya karɓe. Ya ce a littafin da ya karanta a gaban malaminsa, kare mai rai jikinsa ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sa baki ce ake wankewa, kuma an yarda da karen gona da na kiwo. Mai turare ya ce ba haka ya ji a kaset ba. A shekarun nan, tun da aka ƙaddamar da Shari'a, na lura kowace mota tana da mai fatawa aƙalla biyu. Suna cikin haka motar ta faɗa rami, Barsu ya ɗaga kai ya yi amai dab da takalmin mai turare. Mutumin ya buɗe akwati ya fesa wa wurin turare, ya fesa wa takalmin, ya fesa wa iska. Ƙanshin ya yi wa mai barkono daɗi, ya tambayi kuɗin kwalbar. Kafin mu kai iyaka sun yi ciniki, an manta da fatawa.

A ɓangarenmu na iyaka ba a tsaya a kanmu ba. Ma'aikacin ya leƙa kwandon, ya yamutsa fuska, ya ɗaga hannu. A ɓangaren Nijar ne muka sami jandarma, dogo, baƙi, kakinsa a goge kamar yau aka ɗinka. Ya duba katin shaidata, ya duba na Kawu, sannan ya nuna kwandon da baki.

"Ina karne?"

Kawu ya ce, "Eh, ranka ya daɗe, kare ne."

"Na ce karne."

"Kare ne mana. Ba ɗan maraƙi ba ne."

Ɗan Faransancin da na yi a sakandare ya taimake ni. Karne a wajensu ɗan littafi ne da ake rubuta allurar rigakafin dabba a ciki. Na matsa na yi wa jandarman bayani cewa ba mu da shi, asibiti ma za mu. Sai da ya sa na maimaita, don bai ji ni ba. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon Barsu, ya ce babansa mafarauci ne. Ya bar mu muka wuce da sharaɗin in za mu dawo mu zo da karne a hannu, in ba haka ba mu wuce, kare ya zauna.

A Magariya babbar motar ta tsaya, muka sauka. Nan na fara ganin burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri. Mai shayi ya tsaga mana ɗaya. Da ya ga littafi a hannuna sai ya ce, "Mushe, a sa madara?" Kawu bai ji komai a zancen ba sai wannan kalma. Ya ajiye kofi ya ce, "Wa kake kira mushe? Yaron nan da ransa." Aka yi masa bayani cewa haka suke kiran malamin makaranta. Ya ce to Allah ya kyauta, ƙasar da ake kiran malami mushe ba mamaki a nemi takardar kare.

Daga nan a-kori-kura muka samu, an loda mata rake. Muka zauna a kan raken, Kawu ya rungume kwandon, ni ina jiƙa tsumma ina matsa wa Barsu ruwa a gefen baki, domin in ya sha da yawa dawowa yake. Hanyar ba ta da abin faɗa. Gero iri ɗaya da namu, rumbuna iri ɗaya, Hausa iri ɗaya sai ɗan lanƙwasa. Abin da ya bambanta shi ne shingayen jandarma, da mata a kan babur suna tuƙa kansu, da wani shago a bakin titi da aka jera kwalaben giya a fili ba ko labule. Kawu ya kawar da kai. Ni na kalla, don ban taɓa ganin an jera su haka ba.

Maigidan Kawu a Damagaram shi ne Alhaji Mamman, dillalin tumaki, gajere mai yawan dariya. Ya rungume Kawu ya ce, "Haladu, da raguna kake zuwa mini, yau kuma kare? Nawa zan yi masa kuɗi?" Ya ba mu ɗakin zaure, aka gyara wa Barsu inuwa a garken bayan gida. Gidan gaba ɗaya ƙanshin nama yake. Su ba sa fara soya layya kamar mu. Alhaji ya nuna mini sandunan da ke jingine a bango. Ya ce ran sallah ana buɗe ragon gaba ɗaya a ɗaure shi a kan sanduna, a jera raguna kewaye da wuta a ƙofar gida, su wuni suna gasuwa kitse yana ɗiga. Sai kashegari a yanka a raba, abin da ya saura a soya shi cikin kitsensa. Ya ce naman da aka yi wa haka yana kai wata da watanni. Aka kawo mana kwano, aka dafa shayi a ɗan buta, ɗaci da farko, zaƙi daga baya. Wanda ya sha na farko ya tashi ya yi rashin ladabi.

Asibiti a bakinsu likita ne, likita kuma lokotoro. Sai da na rikice sau biyu kafin na gane. Da muka isa wurin masu duba dabbobi, mai gadi ya ce an tashi hutun rana, lokotoro sai ƙarfe goma sha biyar. Kawu ya sa na maimaita masa, ya dubi agogon hannuna ya ce, "Nasu ya fi naka tsawo ke nan." Muka zauna a gindin dalbejiya har bayan azahar.

Lokotoron mace ce. Kowa Madam yake ce mata. Ta manyanta, tabaronta na rataye da zare a wuya, Hausarta tsaf. A ɗakin akwai wani ƙaton kare mai gashi na wani Bature ma'aikacin agaji, yana kwance a kan katifarsa, ga abincinsa na gwangwani da hoton kare a jiki. Kawu ya dubi katifar ya dube ni.

Madam ta sa hannu ta ɗaga leɓen Barsu, ta ja fatar wuyansa ta saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ta danna cikinsa a bayan haƙarƙari, karen ya yi ƙara.

"Baba, me ya ci?"

Na maimaita wa Kawu. Ya ce, "Abin da kowa ya ci. Sallah ce."

Ta gyaɗa kai kamar wadda ta saba jin amsar. Ta ce akwai wata 'yar tsoka mai laushi da ke kwance tsakanin tumbi da farkon hanji, ita ke fitar da ruwan da ke narkar da abinci, musamman mai nauyi. In aka yi mata lodin da ya fi ƙarfinta sai ta kumbura, ruwan ya juyo yana cin ta ita kanta. Kawu ya ce, "Saifa?" Ta ce ba saifa ba ce, maƙwabciyarta ce. Ni na san ta a littafin aji da sunan fankiriyas, amma ban san sunanta da Hausa ba, Madam ma ta ce ba ta sani ba. Kawu, wanda ya feɗe raguna ba adadi, ya ce ya san wurin, amma bai taɓa jin an kira ta da komai ba, cikin kayan ciki ake haɗa ta.

Aka aske ƙafar Barsu aka sa masa ƙarin ruwa, aka yi masa allurar ciwo da ta tsayar da amai. Kawu ya tsaya yana kallon ledar tana ɗiga, ya ce, "Kamar mai haihuwa." Da za mu tafi Madam ta yi bayanin abinci. Ta ce in amai ya tsaya a fara da kaɗan. Shinkafa a dafa ta har ta yi laushi, tsokar kaza ko zabo a cire fata a dafa da ruwa zalla, kabewa ko dankali in an samu. Kada a cika masa kwano sau ɗaya yadda aka saba, a riƙa ba shi kamar cikin tafin hannu, sau da yawa a wuni. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce, "Ban da maiƙo, Baba. Har ƙarshen ransa."

Kawu ya gyaɗa kai da ƙarfi. "Ban da mai. Na ji."

Na ji abin da ya ce, na ɗauka duk ɗaya ne.

Muka yi ta kai shi ana ƙara masa ruwa muna dawowa. Amai ya tsaya. Ya fara lasar ruwan shinkafa, ya fara bin Kawu da ido. Ranar da ya tashi da kansa ya zagaya garken, na tafi kasuwa sayo kabewa da kaza. A hanyar dawowa na tarar da mai sayar da tsofaffin littattafai a gindin bango, rabinsu Faransanci, rabi ajami. Ban sayi komai ba, amma na daɗe.

Da na shiga garken na sami Kawu da Alhaji Mamman a tsugune suna murmushi. Barsu yana lasar wani ƙashi da aka fasa, ga kwano a gefe yana ƙyalli.

"Ya ci, Sagiru!" in ji Kawu. "Ya cinye tas. Uwargidan Alhaji ce ta aiko, ta ce baƙon gida ba ya kwana da shinkafa gaya."

Na tambayi abin da ke cikin kwanon.

"Jelar rago da ɓargo. Kada ka damu, na duba da kaina. Ko ɗigon mai babu. Kitse ne zalla."

Na ce ai Madam ta hana. Kawu bai ji ba. Alhaji ya ji, ya ce, "Mushe, mai ta ce. Mai na kwalba ne, na gyaɗa ko manja. Kitse ai nama ne. Mara lafiya in bai ci mai kyau ba da me zai tashi?" Su biyu dattawa ne, ni a gidan mutum nake, abin kuma ya riga ya shiga ciki. Na ɗauke kwanon na wanke.

Da gari ya waye muka tarar da Barsu ya koma durƙuson raƙumi, amai ko'ina a garken.

Madam ba ta yi faɗa ba. Ta sa aka mayar da ƙarin ruwa, ta saurari abin da ya faru har ƙarshe. Sai ta aiki mai gadi wajen mai tsire a bakin titi ya karɓo guntun kitse. Ta ɗora shi a cokali, ta kunna 'yar fitilar da suke ƙona kayan aiki da ita, ta riƙe cokalin a kan wutar a gaban Kawu. Kitsen ya tsuke, ya yi ƙara, ya narke.

"Baba, mene ne wannan?"

Kawu ya leƙa. "Mai ne."

"Ɗazu fa?"

Ta juyo gare ni. "Mushe, ina muryarka? Ni na faɗa bai ji ba. Faɗa masa yadda zai ji, kalmar gaba ɗaya."

A ɗakin akwai mai gadi, da wata mata da akuyarta, da direban Baturen da ya zo ɗaukar karensu. Duk suka zuba mini ido. Na matsa kusa da kunnen Kawu na dama, wanda ya fi, na buɗe baki na ce, "Mai-ƙo, Kawu! Ba mai ba! Mai-ƘO!" Ban san ina da irin wannan murya ba. Karen Baturen ya zabura daga katifarsa ya hau haushi, akuyar ta tsinke igiya.

Da aka kama akuyar, Kawu ya ce, "To me ya hana ku ce maiƙo tun farko?"

Ya juya ya dubi Barsu a kan tebur, sannan ya ce a hankali, "Ni fa abin da na fi so na ba shi."

"Na sani," in ji Madam. "Bayan kowace sallah haka ake kawo mini su. Ba wanda maƙiyinsa ya ba shi."

Ta gaya mana gaskiya. Ta ce tashi na biyu ya fi na farko haɗari, ba ta yi alkawarin komai ba, kuma wannan karon a wurinta zai zauna. Ta ce ko ya tashi, tsokar nan ba ta mantuwa. In ta yi tabo da yawa tana iya jawo ciwon sukari, saboda haka in muka ga yana yawan shan ruwa da yawan fitsari, ko yana ci amma yana ramewa, kashinsa ya yi fari-fari da yawa, mu dawo da shi.

A cikin kwanakin jiran ne Yaya Lawal ya kira wayar Alhaji Mamman. Kawu ba ya jin waya, ni ne a tsakani. Bayan gaisuwa Yaya ya ce, "Yaya karen? Ya mutu?" Ba da mugunta ya tambaya ba. Ya ce ya sami mai sayen tumakin da daraja, kuma damina in ta wuce farashi zai faɗi. Na gaya wa Kawu da sabuwar muryata, har matan gidan suka leƙo. Kawu ya ce, "Ce masa ya bar fankar a kashe, kada ta ci masa wuta a banza."

Kullum muna zuwa mu zauna a gindin dalbejiyar nan. Kawu ba ya magana sosai. Amma duk sanda Madam ta fito sai ya tare ta da tambaya, ni ina tsakiya ina ihu.

"Ƙuli-ƙuli fa?"

"A'a."

"Ai an matse mansa."

"Ba duka ba. Sa shi a takarda ka gani."

"Nono?"

"Sai wanda aka kaɗe aka tsame man, shi ma kaɗan. In ya sa shi zawo a bari."

"Tuwo?"

"Gaya, ban da miya. Miyarku akwai mai, akwai albasa, duk ba nasa ba ne."

"Fatar kazar fa, a zubar?"

"Kai ka ci, Baba."

"In ya kama ɓera a gona?"

Ta yi dariya ta ce wannan tsakaninsa da ɓeran ne.

Barsu ya tashi. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, amma ya tashi. Madam ta riƙe shi har ya ci shinkafa da kabewa ya riƙe, sannan ta yi masa allurar rigakafin haukan kare ta cika mana karne, ta buga hatimi. Uwargidan Alhaji ta aiko mana da guzurin nama a leda, da saƙon a gaya wa kare ya yafe mata. Alhaji ya raka mu tasha yana cewa shi har yanzu bai yarda kitse mai ba ne, amma tunda mace mai tabarau ta faɗa, ya bari.

A iyaka muka sami jandarman nan. Kawu bai jira an tambaye shi ba. Ya zaro littafin daga aljihu ya ɗaga, ya nuna kwandon ya ce, "Ga karne, ga kare." Jandarman ya buɗe, ya karanta, ya sara wa kwandon.

Abin da ya fi tafiyar wuya a gida aka yi shi. Kawu ya bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ya yi sallama, ya roƙi matan kada wadda ta ƙara jefa wa Barsu komai. Wata ta ce yau ta ga ikon Allah, kare da doka kamar mai hawan jini. Mutumin da tun rasuwar matarsa sai dai a aiko masa da tuwo, yanzu shi ke hura wuta da safe yana dafa shinkafa da kabewa, yana cire wa zabo fata. A kasuwar Babban Mutum abokan wasansa suna tambayarsa yaya amarya, ta fara cin abinci kuwa. Ba ya jin su, ko kuma ya ce ba ya ji. Tunda ba zai ɗora tukunya biyu ba, shi ma abin da yake ci ke nan, sai dai ya ɗebi nasa ya barbaɗa gishiri da yaji.

Ana gobe zan dawo makaranta na je yi masa sallama. Muna zaune a inuwar rumbu da hantsi, Barsu yana kwance, sai ya ɗaga kai. Kunnuwansa suka juya yamma. Ni ban ji komai ba tukuna. Ya tashi ya zo ya bugi ƙafar Kawu da kai. Kawu ya miƙe, ya gyara hula, ya je bakin shinge ya tsaya da hannu a baya. Sai can ƙarar babur ta iso, Yaya Lawal ya ɓullo.

"Tun kana wajen rijiya na ji ka," in ji Kawu.

Yaya ya durƙusa ya gaishe shi, ya dubi karen, ya ce lallai ya sha jiki. Ya kwance ƙunshin balangu da ya zo da shi daga Daura ya ajiye a tabarma. Muna ci ya tsinci wani guntu fari, ya ɗaga hannu zai jefa wa Barsu. Kawu ya cafke wuyan hannunsa.

"Mai-ƙo!" Ya faɗe ta rabi biyu, da ƙarfi, yadda na faɗa masa a Damagaram.

Yaya ya dubi guntun, ya dubi karen da ke kallonsa, ya jefa a bakinsa. Ya tauna, ya haɗiye, ya goge hannu. Sannan ya matsa ta ɓangaren dama, ya ɗaga murya ya ce, "Baba, maganar ɗakin nan fa? Ko zuwa bayan girbi?"

Kawu ya juya masa kunnen hagu ya ce, "Me ka ce?"

Wannan karon na tabbata ya ji har ƙarshe.